Guɗar Waliyyi

A danginmu akwai mutum guda da ba a ambatonsa sai an rage murya, amma ba a yin biki sai an aika masa da tukwane. Baffana ne, ƙanen mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan daudu ne. Na faɗa tun da wuri don kada in wahalar da kowa yadda aka wahalar da ni ina yarinya. A lokacin in na tambaya me ya sa Baffa ba ya zama a zaure tare da maza, sai a ce mini larura ce. Na daɗe ina tsammanin basir gare shi.

Rumfarsa tana bakin tasha a Daura, wajen da motocin Kano da na Katsina ke lodi. Da safe shinkafa da miya, da rana tuwo da farfesun kayan ciki. Yana ɗaura zani a kan wando, tawul a kafaɗa, kwalli raɗau a ido, kuma in yana magana hannunsa ya fi bakinsa aiki. In direba ya ce naman ya yi kaɗan, Baffa zai riƙe haɓa ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Ayya, ashe a gidanku sa guda ake yanka maka kullum, shi ya sa ka rame haka." Tasha ta ɗauki dariya, direban kuma gobe shi ne farkon zuwa.

Mutanen unguwarmu sun kasu biyu a kansa: masu cin abincinsa a fili, da masu aiken ɗan acaɓa ya karɓo musu a kula. Kashi na biyu su ne suka fi tsoron Allah. Su ne in ya shiga sahu a masallaci sai su tuna alwalarsu ta karye. Akwai wata gwaggona da ta yi suna a gidan mijinta da iya miyar taushe, har kishinta ake yi a dangin mijin, alhali ni ce shaida kwanon daga tasha yake tasowa a lulluɓe cikin mayafi. Wannan gwaggon in an ambaci Baffa sai ta tofar da yawu ta ce Allah ya shirya.

Sai kuma guɗa. Duk wadda ta yi aure a unguwarmu ta san guɗar Baffa. Ba a gayyatarsa ta ƙofa, ana kiransa ne don girki, sai ya tsaya can baya wajen murhu. Amma da zarar labari ya shigo cikin gida cewa an ɗaura, shi ke farawa. Ya kama hanci da yatsu biyu, ya ɗaga kai, ya sake ta doguwa siririya, tana karkarwa a ƙarshe, har sai tsigar jikin mutum ta tashi. Sannan mata su amsa. Da sannu abin ya zame musu jiki, ba wadda ke buɗe baki sai ya fara.

Kada a ɗauka duka raha ce. Masu gidan haya sun sha watso masa kaya waje saboda maƙwabta sun yi ƙorafi, ba don ya yi wa kowa komai ba. An taɓa kama shi da abokansa a wajen wani biki, aka yi musu aski da reza a bainar jama'a, aka zagaya da su. Ya dawo da kai duk yanka, ya ɗaura tawul, ya hura wuta washegari kamar ba a yi ba. Akwai kuma wani direba da ya shekara da shekaru yana cin abinci a rumfar, wanda shi kaɗai ake shimfiɗa wa tabarma a ciki, shi kaɗai ake cire wa hanta a ajiye. Ba wanda ya taɓa gaya mini ko mene ne tsakaninsu, ni ma ban tambaya ba, amma ba makauniya ba ce ni. Da direban ya rasu a haɗari a hanyar Kano, Baffa bai samu wajen zama a zaman makoki ba, don ba a san da wane suna zai zauna ba. Abinci ya dafa ya aika gidan, 'yan gaisuwa suka ci suka yaba.

Mahaifina tela ne, mutum mai shiru. A titi ba ya tsayawa da ƙanensa, sai dai ɗaga hannu daga nesa. Amma da ciwon ajali ya kwantar da shi, masu tabon sallah a goshi suka riƙa zuwa suna addu'a daga bakin ƙofa suna toshe hanci, Baffa ne ya rufe rumfa ya tare a gidanmu, yana juya shi, yana wanke shi, yana ba shi kunu a baki. Bayan an yi jana'iza aka koma rage murya.

Ina koyarwa a firamare lokacin da wanda ya zama mijina ya fito neman aurena. Mutumin Zango ne, gidansu fataken shanu ne, mahaifinsa kuma malami ne mai almajirai manya da ake jin maganarsa. Suka yi bincike kamar yadda aka saba, suka tarar ba mu da kuturta, ba mu da sata, ba mu da hauka, sai Baffa. Suka aiko cewa ba komai, kowane gida da jarrabawarsa, in dai ba za a gan shi ba.

Nan gizo ke saƙa. A wajenmu ƙanen uba ke ba da aure. Ko uba na raye yakan ja baya ya ce ga baffanta nan, balle babu shi. Ni kuwa ba ni da wa, ba ni da ƙane namiji, kakana ya daɗe da rasuwa. Duk duniya namiji guda ya rage a ɓangaren mahaifina, ga shi can yana tuƙa tuwo a tasha.

Kawuna, yayan Inna mahaifiyata, mai shagon yadi, shi ya ɗauki abin da zafi. Ya gyara gemu ya tafi wajen liman ya ce shi zai tsaya. Liman ya ce masa a'a, dangin uwa ba sa walicci alhali na uba na nan da hankalinsa, sai dai in shi ya wakilta wani da bakinsa. Kawu ya so ya ce ai ba shi da hankalin, sai ya tuna rabin unguwa na cin abincin mahaukacin. Ya dawo gida ya shirya dabara: a je a roƙi Baffa ya wakilta shi, a kuma gaya masa ana buƙatar alkaki da dubulan na gara, da girkin ranar ɗaurin aure. Aka rasa wanda zai kai wannan saƙo, sai aka tura ni, wai ni ce ba ya iya yi wa musu.

Na same shi da hantsi yana gyaran kayan miya. Na gaishe shi, ya jawo mini kujera 'yar tsugunno.

"Baffa, an aiko ni da saƙo biyu," na ce. "Ɗaya na tukunya, ɗaya na rashin kunya. Wanne zan fara?"

"Fara da na tukunya, 'yar nan, shi na fi ganewa."

Na gaya masa duka biyun, ban rage ko gishiri ba. Ya yi shewa ya tafa hannu. "Ahayye! Wato hannuna halal ne, bakina ne haram. To madalla da malaman Daura." Ya gama dariyarsa, ya ci gaba da cire hancin attaruhu. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ke me kike so?"

"Kai nake so ka ba da ni."

"Kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani. Da Baba na nan kai zai tura."

"Ba zai tura ni ba," ya ce. "Allah ya ji ƙansa, kada mu yi masa ƙarya." Ya share hannu da tawul. "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa zama a tabarmar maza an juyo an tambaye ni wani abu an jira amsata ba. Ko sau ɗaya. In na ce ba na so, na yi ƙarya. Amma ina tsoron in ɓata miki."

Na ce masa in ya ɓata ma nawa ne, ba na Kawu ba.

A gida aka yi ta. Kawu ya kira ni mara mutunci, gwaggon miyar taushe ta ce boko ne ya lalata ni, Inna ta shiga ɗaki ta bar mu. Na ce musu ko Baffa ko a fasa, kuma da gaske nake, don in raina ya ɓaci ba na ganin gabana. Na kira angon na gaya masa. Shi mutum ne mai sanyi kamar randa. Ya ce waliyyi namu ne ba nasu ba, in dai za a zo a zauna a tashi lafiya, zai san yadda zai yi da mahaifinsa. Da Kawu ya ga ba sarki sai Allah, ya sauko, amma da sharuɗɗa: ba kwalli, ba zani, ba tawul, ba magana sai "na bayar", kuma shi da kansa zai koya masa zaman maza.

Wanda bai ga wannan karatun ba bai ga abin dariya ba. A tsakar gidanmu aka yi shi bayan la'asar. Inna ta buɗe akwati ta fito da babbar rigar Baba, fara mai aska biyu, da hularsa. Baffa ya sa, ya juya, ya ce, "Kai, ashe ni kyakkyawa ne ta kowane ɓangare." Kawu ya ce ya zauna. Ya zauna ya karkatar da ƙafafu gefe guda kamar amarya.

"Harɗe ƙafa za ka yi! Ka taɓa ganin namiji ya zauna haka?"

"Na ga maza a zaune iri-iri, Alhaji, kada ka sa in fara lissafi."

Aka gyara zama. Aka zo kan hannu. Faratansa jajaye ne da lalle, shi kuwa lalle ba ya jin wa'azi, sai ya ga dama yake fita. Kawu ya yanke hukuncin hannu ya zauna a cikin riga har a tashi. Sai murya. Kawu ya tsaya a matsayin wakilin ango, ya ce, "Muna nema wa ɗanmu auren 'yarku."

"Wayyo, ai mun ba ku, ku je ku ji daɗinku, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki!"

"Kalma biyu aka ce! Daga ƙirji, ba daga hanci ba!"

Haka aka yi ta maimaitawa, ni da Inna muna leƙe ta labule muna cusa mayafi a baki. Amma na lura da abu guda. Bayan Kawu ya tafi, Baffa bai cire rigar ba. Ya zauna shi kaɗai a kan tabarma, ƙafa a harɗe, yana ta faɗa a hankali, na bayar, na bayar, kamar mai tilawa. A nan na daina dariya. Kawu dai ya tafi da tabbacin ya toshe kowace ƙofa, ido da hannu da ƙafa da murya. Abu guda ne bai zo masa a rai ba, mu ma bai zo mana ba.

Ranar ɗaurin aure Baffa ya gama girki tun da sassafe, ya yi wanka, ya goge kwalli har idonsa ya yi kamar na mai zazzaɓi, ya sa rigar yayansa, ya fita ta zaure. Wannan ne karo na farko da na ga ya bi ta ƙofar gaba da rana tsaka. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗauko lasifika daga masallaci saboda jama'a sun yi yawa, mutanen Zango mota-mota. Ni ina ɗakin Inna, tagarsa tana kallon titi, ina jin komai.

Liman ya yi salati. Wakilin ango ya nema. Aka miƙa wa Baffa abin magana. 

"Na bayar," ya ce.

Muryar Baba ce sak. Ban taɓa sanin muryarsu ɗaya ba sai ranar. Inna ta sunkuyar da kai ta rufe fuska. Aka sake nema ya sake bayarwa, ba ƙari ba ragi. Liman ya ja addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura, alƙawari ya cika.

To a nan ne mata ya kamata su ɗauka. Gidan cike yake da su, har kan katanga. Amma kowace ta tsaya tana jiran a fara daga wajen murhu kamar yadda aka saba, wajen murhu kuwa ba kowa sai tukwane. Gida ya yi tsit. An ɗaura auren 'yar yayan Baffa, cikin gida shiru kamar an yi mutuwa. Kunnen da ya shekara talatin yana cike irin wannan gurbi bai iya jurewa ba.

Ayyiririririii!

Daga waje ta fito, daga tsakiyar manyan riguna da rawuna, kuma abin maganar yana hannunsa, ba wanda ya tuna ya karɓa. Lasifikar masallaci ta ɗauke ta ta watsa wa unguwa. Ban taɓa jin ya yi mai kyanta ba. Mata kuwa, da yake an fara, sai suka amsa gaba ɗaya, kafin su ankara daga inda ta fito.

Sauran labarin mijina ne ya ba ni, don shi yana wajen. Ya ce Baffa ya kama hanci da jajayen faratan nan da aka sha wahalar ɓoyewa, ido a rufe, hawaye na zuba. Wani tsoho ya saki goron da ke hannunsa. Liman ya tsura wa tabarma ido kamar an rubuta wani abu a jikinta. Kawu ya yi ta faɗin innalillahi. Samari suka fito da wayoyi. Surukina ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya shiga mota ba sallama. Sai dai aure ya riga ya ɗauru, ba a kwance shi da guɗa, ko liman da aka tambaya a gefe ya ce bai taɓa ganin haka a littafi ba.

Baffa ya shigo ta zaure, ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Bai dubi kowa ba. Ya ɗaura zaninsa ya wuce wajen murhu ya fara zuba abinci. Kuma an ci. Waɗanda suka fi kowa salati su suka nemi ƙari. Surukina da ya yi fushi ma an sa masa nasa a motar da ta bi bayansa, kwanon kuma ya dawo a wanke.

Ni na sha dariya a ranar har kwalliyata ta lalace. Ban san abin da ke tafe ba. Kafin in tare hoton ya zaga wayoyin gari, an sa masa kiɗa, an rubuta maganganu a ƙasa. Mutanen da suka shekara suna jin guɗar nan daga bayan gida ba ta dame su ba, da ta fito ƙofar gida sai ta zama tsokanar addini. Wasu samari suka je tasha suka kifar masa da tukwane, miya ta ƙona masa ƙafa. Shugabannin tasha, waɗanda tumbinsu da farfesunsa aka gina shi, suka ce ya ɗan ɗaga har ƙura ta lafa. Mai gidan haya ma ya tuna ɗansa zai yi aure yana son ɗakin. Baffa ya koma wajen wani abokinsa a garin Babban Mutum, yana soya wainar kasuwa. Daga Zango kuma aka aiko da sharaɗi guda: kada ya taɓa taka gidana.

Na je na same shi kafin in tare. Yana zaune ƙafa a naɗe da tsumma. Ina shiga ya riga ni magana.

"Ki yafe ni, 'yar nan. Kin ɗora ni a tabarma na zubar miki."

Wannan maganar har yau tana ci mini rai. An ƙona shi, an kore shi, an raba shi da sana'arsa, kuma shi ke neman gafara. Na ce masa wallahi duk bikin ba abin da ya kai guɗar nan daɗi, in za a sake ɗaurawa ma ita zan fara nema. Na ɗauka zai yi shewa. Murmushi kawai ya yi, ya tambaye ni ko dubulan ɗin ya yi laushi.

Da haihuwata ta fari na dawo gida wankan jego. Namiji ne. Inna, wadda ba ta taɓa musa wa yayanta ba, ta aika wa Baffa ba tare da ta gaya wa Kawu ba. Ya zo ana gobe suna, ta ƙofar baya, ya rame, ba kwalli. Ya dama kunun kanwa, ya dafa ƙauri, ya hana kowa taɓa tukunya.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, har da surukina. Aka raɗa suna, maroƙi ya shigo da shi zaure yana faɗa. Sunan Baba aka mayar. Mata suka dubi juna, sannan gwaggon miyar taushe ta daure ta fara, wata irin guɗa kamar an taka wa akuya wutsiya, sauran suka bi ta a hargitse.

Na ɗauki jaririn na leƙa bayan ɗakin girki. Baffa yana tsugune a jikin bango, ya danne bakinsa da hannu biyu, ɗaya a kan ɗaya, kafaɗunsa na rawa, hawaye na bin bayan yatsunsa. Haka ya zauna har hayaniyar ta mutu. Sannan ya sauke hannu a hankali, ya ja numfashi, ya dube ni yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Kin gani ko?" ya ce. "Wannan karon na riƙe."